Ranar da Aka Raba Kifin Kakanmu

Kwanan baya na shiga wani kantin magani a Katsina, sai na ji ɓulɓul ɗin injin iska a cikin akwatin gilashi na kifi. Na tsaya har na manta abin da ya kawo ni. Irin wannan ƙarar ce ta raine ni a shigifar kakanmu a Daura.

Tsohon direban babbar mota ne, daga kudu ya zo da kifayensa a cikin leda. Kifaye ne ƙanana, ba su kai ɗan yatsa ba, masu ratsin baƙi da ja a baki. Mutanen unguwa sun sha yi masa dariya, wai ga mai kiwon abin da ba ya shiga miya. Shi kuwa ko a jikinsa. Ruwansu sai ya kwana a randa kafin ya zuba musu. In zafin bazara ya tsananta, buhu yake jiƙawa ya lulluɓe gilashin. In mace ta yi ciki, sai ya ware ta da namiji a kasko mai tsakuwa, suna zuba ƙwai ya kwashe su, don iyayen cinye ƙwan suke yi. 'Ya'yan kuma gwaiduwar dafaffen ƙwai yake murje musu. Kakarmu takan yi mita, ta ce jikoki ba su samu ƙwai ba sai kifi, amma ita ce mai dafawa.

Abin da ya fi so shi ne yadda suke juyawa tare, kamar awakin gida ɗaya. Ya taɓa ce mini, "Amarya, waɗannan ba sa zama su kaɗai. Kika ware ɗaya, abinci ma ba zai ci ba."

Da damina ya rasu. Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado, kuma babban baffanmu mutum ne mai tsoron hakki. Ya ce ko allura sai an raba, kada a bar wa mamaci nauyi. Kakarmu tana takaba, ta yi magana daga bayan labule.

"Ku bar mini kifin nan a haɗe. Ku cire a rabona na wani abin."

"Inna, kowa yana son abin tunawa da Baba," in ji baffa. "Za a ba ki naki."

Ba mugunta ba ce, shi ya sa har yau ban san wanda zan ji haushi ba. Gilashin ya faɗa a rabon wani baffanmu mai tafiya Kano, injin ya tafi Mai'adua. Kifin kuma da ludayi aka riƙa kamo su, wannan a kwalba, wancan a kwano, kowane ɗaki da nasa. Tumunin kakarmu guda biyu ne, a tasar da take kwaɓa lalle.

Namu ya maƙale a gindin kwalba, launinsa ya koɗe, ya ƙi cin komai. Kafin a yi girbin gero labarin mutuwar kifayen ya riƙa zuwa daga ɗaki ɗaki. Na kakarmu ne suka fi daɗewa. Da ɗayan ya mutu, ta aike ni in zaga gidan ko da sauran mai rai a haɗa su. Na dawo hannu wofi. Ba ta yi kuka a gabanmu ranar jana'iza ba, amma ranar nan ta yi, tana riƙe da tasar a cinyarta.

Yanzu gidan an yanka shi da bulo, kowa da ƙofarsa, mu jikoki kuwa sai a waya. Mai kantin ya ga na daɗe a tsaye, ya ce, "Hajiya, in kina so sai in kama miki ɗaya."

Na ce masa ya bar su tare, na fita ban sayi maganin ba.