Ranar da Kujerar Tausa Ta Riƙe Darakta

A duk shekarun da na yi ina aiki a falon manya na filin jirgin sama, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da kujerar tausa ta riƙe Alhaji Mu'azu. Ku da kuka zo daga baya kun ji labarin gutsure-gutsure, kowa da irin gishirin da ya ƙara. Ni a gabana aka yi, don haka bari in ba ku shi yadda yake.

Abin ya faru ne lokacin da aka rufe filin jirgin Abuja don gyara, aka karkato jirage zuwa nan Kaduna. Mu da muka saba da jirgi ɗaya ko biyu a yini, sai ga mu da fasinjojin ƙasashen waje. Kamfanin da nake wa aiki, wanda na 'yan kasuwa ne, ya kama wani ɗaki a ciki, bayan wurin bincike, ya mai da shi falon manya cikin gaggawa. Ranar da muka buɗe, fenti ma bai gama bushewa ba.

Ga wanda bai san aikin ba, falon manya wuri ne da masu tikitin gaban jirgi, wanda ake kira bizines, suke jira kafin a kira su. Akwai abinci da shayi kyauta, da banɗaki mai wurin wanka, da kujeru masu laushi, don wanda zai yi tafiyar yini guda a sama ya huta. A samanmu akwai Manaja, Malam Tukur. A ƙarƙashinsa akwai ni, Isuhu, shugaban masu hidima na aikin rana. Sai masu kai abinci da mai kicin. Dokarmu ta farko ita ce kada baƙo ya ji kalmar "babu" daga bakin ma'aikaci.

Abin alfaharin falon shi ne kujerar tausa. Baƙa ce, ƙatuwa, tana da rami biyu na sa ƙafa da rami biyu na sa hannu. Hotonta ne a jikin allon tallanmu. Malam Tukur ya tara mu ya ce kuɗinta ya fi na motarsa, duk wanda ta lalace a lokacin aikinsa korarre ne, ya kama hanyar Mando ya koma gari da ƙafa. Saboda haka babu wanda ya taɓa zama a kanta. Goge ta kawai muke yi, safe da yamma.

Wata Laraba da hantsi, ana tsananin zafi, Alhaji Mu'azu ya shigo da matarsa, Hajiya Binta. Tsohon darakta ne a ma'aikatar gwamnati, mazaunin Unguwar Rimi, dattijo mai tsabta, cikin babbar riga ta farar shadda da ta sha bugu. Indiya za su je, inda za a yi wa Hajiya aikin zuciya. Sun daɗe suna jiran likitan ya sa musu rana, 'ya'yansu kuma suka haɗu suka saya musu tikitin gaba don ta samu ta miƙe ƙafa. Ta zauna a gefe tana numfashi a hankali. Shi kuwa ya zagaya falon hannuwa a baya, kamar ya zo duba aiki, har ya tsaya gaban kujerar.

"Wannan fa, ta ado ce ko ta aiki?"

Na ce, "Ta aiki ce, ranka ya daɗe." Me zan ce? Ba a cewa babu.

Hajiya ta ce, "Alhaji, ka bar musu abinsu."

Ya ce ai zama a kanta yana cikin kuɗin tikiti. Ya tattare riga, ya zauna, ya zura ƙafafu, na jona masa wuta. Maimakon ya danna maɓalli ɗaya, sai ya bi su duka yana dannawa, wai ya ga amfanin kowanne. Kujera ta yi wata ƙara, ta kama ƙwaurinsa, ta kwantar da shi baya sannu a hankali har ƙafafunsa suka fi kansa tsawo. Hularsa ta faɗi, na ɗauke. Ya lumshe ido ya ce, "Binta, ashe haka ake jin daɗi a duniya ba mu sani ba."

Bai rufe baki ba wutar falon ta ɗauke.

Da aka tada janaretan kamfani, kujerar ba ta ci gaba daga inda ta tsaya ba, sai ta koma farko. Wata murya ta mace ta yi magana daga cikinta da wani harshe, sannan na ji shadda tana ƙara. Ashe gefen babbar rigar ya shiga tsakanin ƙarafan da ke murza baya, suna naɗe shi kamar ana naɗe tabarma. Na yi tsalle na zare wayar. Kujera ta tsaya cak, amma ba ta saki ba. Ƙafa a sama, riga a ciki, ƙafar wando ma ta maƙale a ramin. Muka sake jonawa, ta sake gaishe mu da harshenta, ta ƙara haɗiye kamu guda na shadda. Muka zare. To, ga inda muka tsaya: in an jona ta ci riga, in an zare ta riƙe mutum.

Malam Tukur ya iso yana gumi. Abin da ya fara dubawa shi ne jikin kujerar, sannan ya gai da Alhaji. Ya ce bisa ƙa'ida ba a kwance ko ƙusa ɗaya a kayan kamfani sai an ji daga babban ofis a Legas. Ya buga waya. Legas suka ce a ɗauki hoto a turo, kuma kada a taɓa, domin in an buɗe ta masu sayarwa ba za su karɓi gyara ba. Suka tambaya ko fasinjan zai iya jira zuwa Litinin.

Alhaji, daga kwance, ya ce a yi komai bisa tsari. Ya ce a kafa ƙaramin kwamiti, Manaja, da ni, da mai gyaran wuta da aka kira, shi kuma zai shugabanci zaman tunda shi ne a kan kujera. Ba wasa yake yi ba. Ya ba kowa dama ya yi magana bi da bi. Da ya gaji sai ya ce, "Shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati ban taɓa maƙale wa kujera ba. Ranar da lokacina ya cika na miƙa makullai na fita. Yau ga kujera ta maƙale mini."

Kafin nan fasinjoji sun kewaye mu. Wani ɗan kasuwa mai zuwa China saro kaya, Alhaji Ɗanliti, ya ce shi ya san irin waɗannan kujerun, duka suke so, a ba shi takalmi. Manaja ya tare da jikinsa. Aka je babban zaure aka kamo wani mutumin China ya fassara mana muryar. Muka jona, ta haɗiye wani kamun, mutumin ya saurara da kyau, sannan ya ce wannan ba harshensu ba ne, ya yi tafiyarsa. Wani kuma ya ce a kashe ta a kunna, kamar waya. Aka ce masa abin da ake ta yi ke nan tun ɗazu.

Ana haka Madam Saratu, ma'aikaciyar kamfanin jirgin, ta leƙo ta ce an fara shiga, masu tikitin gaba su taso. Ta ga abin da ake ciki, ta rufe baki da takardun hannunta. Da ta samu ta daidaita fuska, ta ce jirgi ba zai jira ba, don akwai wani jirgin da fasinjoji za su canza zuwa gare shi a hanya, kuma akwatunan Alhaji sun riga sun shiga ciki.

Nan kwamiti ya yanke shawarar a ɗauke shi da kujerar gaba ɗaya zuwa bakin jirgi, wataƙila injiniyoyin jirgin su san dabara. Aka kira masu dako suka cicciɓa, Alhaji yana sama yana ba da umarni, "Hagu, hagu, a hankali." Muka iso ƙofa, kujera ta ƙi wucewa. Muka karkata ta, ta ƙi. Sai mai gyaran wuta ya tuna cewa an shigo da ita ne kafin a gina bangon da ƙofar take. Aka mai da shi inda aka ɗauko shi.

Duk wannan abin Hajiya tana zaune a gefe tana kallo. Sai Alhaji ya juya kai da ƙyar ya ce, "Binta, ki tafi. Kada ranar likita ta wuce ki. Zan biyo ki."

Ta taso a hankali, ta dafa hannun kujerar. Ta ce, "Ni ba za a tsaga mini ƙirji a ƙasar da ban san kowa ba, in buɗe ido ban gan ka ba. In ba ka tashi, a sauko mini da kayana."

Dariyar da ake ta dannewa a falon ta mutu. Alhaji ya yafito ni da ido, na sunkuya. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam Isuhu, rigar ba komai ba ce, a yanka. Ƙafar ma ina jin in aka bar wandon a ciki za ta zare. Amma ina da surukai a garin nan. Yaya zan miƙe gaban jama'a haka?"

Ashe tun ɗazu ya san mafita. Kwamitin da zaman da hagu-hagun duk jan lokaci ne, kunya ce ta riƙe shi fiye da kujerar.

Ban nemi izinin Manaja ba. Matsalar ita ce bayan wurin bincike ba a shigo da abu mai kaifi, wuƙaƙenmu na kicin ko tumatir sai sun yi da gaske. Na samo ɗan almakashi a akwatin taimakon gaggawa, na ba Hajiya, na ɗauko sabulun ruwa daga banɗaki. Sannan na juya wajen fasinjoji na ce, "Ranku ya daɗe, dattijo yana neman sutura."

Alhaji Ɗanliti ne ya fara fahimta. Ya juya mana baya, ya buɗe hannuwa, babbar rigarsa ta bazu kamar labule. Na kusa da shi ya yi haka. Kafin ka ce me, manyan mutanen nan, masu kamfanoni da masu muƙamai, har da wani Bature cikin kwat, sun jeru kafaɗa da kafaɗa sun ba mu baya, sun yi mana katanga. Wani saurayi ya ɗaga waya zai ɗauka, na ji Alhaji Ɗanliti ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Ɗana, kai ma za ka tsufa." Wayar ta koma aljihu.

Hajiya ta bi shaddar da ɗan almakashin nan tana yanka, tana hutawa, tana yanka. Na zuba sabulu a ƙwaurinsa, ya kwance tazuge, na kama shi ta hammata na ja. Ya sulluɓo kamar kifi. Ga shi tsaye, da 'yar ciki da rabin riga, wando yana cikin kujera.

Babu wani wando a falon in ba na jikin mutane ba. Na cire nawa, baƙin wandon aiki, na ba shi. Ya tsaya masa a tsakiyar ƙwauri. Alhaji Ɗanliti ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo ta baya, ta rufe komai. Na sa masa hularsa. Da katangar ta watse, abin da jama'a suka gani shi ne darakta tsaye da matarsa, yana ƙamshin sabulun lemo. Ya ɗaga hannu ya ce an rufe zama. Su ne na ƙarshe da suka shiga jirgin.

Ni kuwa da mayafin tebur na ƙarasa aikin ranar, na ɗaura shi kamar zane na tsaya bayan kanta, ina yi wa baƙi maraba daga ƙugu zuwa sama. Da rana ta yi sanyi Malam Tukur ya jona kujerar don ya ga ko tana aiki. Ta yi wa wandon Alhaji tausa tun daga farko har ƙarshe, ta yi ɗan kiɗa, sannan ta sake shi. Washegari aka ba ni takardar tuhuma, wai in bayyana dalilin da ya sa aka same ni a bakin aiki ba cikin cikakkun kayan aiki ba. Na amsa da cewa kayan suna Indiya.

Bayan wasu makonni suka dawo. Aiki ya yi kyau, Hajiya tana tafiya da ƙafarta. Alhaji ya zo har falo da kansa, da wandona a goge cikin leda. Ya ce, "Malam Isuhu, ga amanarka." Na ce, "An dawo lafiya, ranka ya daɗe?" Muka yi maganar jiki, muka yi maganar zafi, muka yi maganar hanya. Bai ambaci ranar ba, ni ma ban ambata ba. Har yau in mun haɗu a ɗaurin aure haka muke gaisawa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Za a koya muku yadda ake jera kofi da yadda ake murmushi, kuma ku koya. Amma mutumin da ya shigo nan ba shayi ya kawo shi ba, yana da shi a gida. Tafiya mai nisa ce a gabansa, wani da ciwo, wani da fargaba, wani da abin da ba zai faɗa ba, kuma kowa yana tsoron a gan shi a yanayin da bai so. Ranar da haka ta faru a lokacin aikinku, ku nemo abin da za ku rufa masa, ko da kuwa na jikinku ne. Takardar tuhuma amsa ta ake yi, a wuce wurin.