Mangwaron Baba Casa'in da Bakwai

Duk wanda mahaifinmu Malam Haruna ya koya wa lissafi a nan Gwarzo ya san gaisuwarsa. Kafin ya tambayi iyali, shekarunka zai tambaya. Ka ce arba'in, ya yamutsa fuska. Ka ce arba'in da ɗaya, ya cafke hannunka: "Madalla! Bana ba mai raba ka!" Ba abin da Baba yake ƙauna kamar lambar da ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kanta. "Masu taurin kai" yake kiransu, kuma wallahi halinsu ɗaya da shi.

Ranar da na raka shi sayen layin waya, mai shago ya ga ta kansa.

"Wannan lambar da biyar ta ƙare, ko akuya ta raba ta. Kawo wata."

Aka kawo. Ya ɗan motsa leɓe. "Uku na shiga cikinta. Kawo wata!"

Da ƙyar ya ɗauki guda, ya zo gida ya hau gwada ta da bakwai, da sha ɗaya, da sha uku. Shekaru yana abu ɗaya! In ka tambaya sai ya ce, "Har yanzu dai ba ta rusuna ba."

Mu uku ya haifa: Yaya Sabo, Yaya Ɗanlami, da ni auta. Ƙosai kuwa bakwai yake saya ko sha uku. A raba mana, ɗaya ya yi saura, ya jefa a baki: "Ragowa ta mai lissafi ce."

Lambunsa na hanyar Getso, mangwaro casa'in da bakwai ne cif. Maƙwabcinsa ya taɓa kawo masa dashe uku: "Malam, cike ɗari mana."

"Ɗari? Lambar da kowane yaro zai yanyanka? Riƙe abinka, Alhaji!"

Bara Baba ya rasu. Lokacin yayyena ko gaisawa ba sa yi, kowa so yake a raba lambun ya sayar da nasa ya kama gabansa. Na je wurin rabon cike da tsoron ranar ce ƙarshen zumuncinmu. Aka ƙirga, kowa talatin da biyu. Saura ɗaya, babbar bishiyar nan ta bakin rijiya inda Baba ke shimfiɗa buzunsa.

"A sare ta kawai," in ji Yaya Sabo.

Can Yaya Ɗanlami ya ce a hankali, "Ragowa ta mai lissafi ce."

Yaya Sabo ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, suka rungume juna. Ba wanda ya sayar. Bana mu uku muka tsinke 'ya'yanta tare, muka rabar da su sadaka a madadinsa.

Mun gode, Baba. Allah Ya jiƙanka, Ya sa inuwarka ta can ta fi ta bakin rijiya sanyi, mu kuma Ya bar mu yadda ka so: ba mai raba mu. Amin.