Ba Keken Kakana Ne Ya Tsaga Min Fuska Ba

Duk wanda ya gaya maka keken kakana ne ya yi min wannan tabon, bai san abin da yake faɗa ba. Daga unguwar Nima har ta Mamobi haka ake ba da labarin: wai tsoho ya tsufa, ido ya mutu, ya haɗa keken da ya kusa kashe jikarsa. Na gaji da ji. Jiya na wuce rumfar masu walda a Kotobabi, warin gas ya buge ni, na ce to, yau sai na faɗa.

Kakana ba mai gyaran keke ba ne, wannan ma an yi kuskure. Firam yake ƙerawa, wato ƙashin keken, tun daga bututun ƙarfe zalla. In ka zo, sai ya auna tsawon ƙafarka da zare, ya tambaye ka me za ka ɗauka, burodi ko jarkar ruwa. Ya yanka bututun, ya yi ta gogar bakinsa da magagari har ya rungumi ɗan'uwansa, ko gashi ba ya shiga tsakani. Ba ya waldar lantarki. Ya ce tana cinye siririn ƙarfe. Da wutar gas yake narka tagulla, ta bi gaɓar ta shige kamar man shanu a tuwo mai zafi.

Yana da doka ɗaya. Firam ba ya shan fenti sai ya kwana bakwai a rataye tsirara, kowa ya ga gaɓoɓinsa. Ran na bakwai ya buge shi da sifana. Mai kyau yakan yi ƙara doguwa, kana jin ta har bakin gota, kwatar unguwarmu. Wanda ya ce "ƙwas" ya yi shiru, guduma ce rabonsa.

Yakan ce min, "Amaryata, fenti munafuki ne."

Ni kuma in ce, "Kai ma ka shafa, ko ka yi kyau, tsoho."

Ina shekara tara, ana jibi ƙaramar Sallah. A unguwarmu ranar Sallah samari kan fito da kekuna su gangara tudu suna wasa, 'yan mata na ihu. Baba ƙarami, ƙanin mahaifina, yana son ya fito da sabon keke, kuma ba shi da kwana bakwai. Kaka ya tafi jana'iza Alajo. Da idona na ga Baba ƙarami ya ɗauko bututun Kaka, ya aro injin waldar lantarki, ya haɗa wuyan keken da shi sama-sama, ya goge, ya cike ramukan, ya fesa jan fenti. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ya kai shi gidan abokinsa ya bushe.

"Kin ga wani abu?" ya ce.

"A'a."

"Yauwa. Ke zan fara ɗauka."

Ya cika alkawari. Bayan Idi ya ɗora ni a ƙarfen gaba da sabuwar rigata, muka kama gangaren da ya nufi babbar gota. Iska na dukana, ina dariya. Sai na ji ƙwas a ƙarƙashina. Tayar gaba ta tafi abinta. Tsagaggen bakin bututun ya shiga kumatuna ya fito kusa da kunne, haƙorana biyu suka zauna a kan kwalta. Na tuna ɗanɗanon jini da ƙasa, da wata mai koko tana kururuwa da Turanci da Hausa a haɗe.

Mahaifina direba ne, yana hanyar Kumasi. Amma mamata tana da yayye uku, mahauta. An ɗinke ni an dawo da ni da la'asar, ina kwance a zaure, na ga sun shigo da rabin keken a hannu. Babban kawuna ya shaƙe Baba ƙarami ya haɗa kansa da bango, sau biyu. Kawuna na biyu ya zaro wuƙar aikinsa.

"Wa ya haɗa wannan? Kai ne?"

Baba ƙarami ya jiƙa wandonsa. Kaka ya karɓi ƙarfen, ya duba wuyan. Kallo ɗaya. Ya san waldar lantarki ce, ya san hannun wa. Ya dubi ɗansa, ya dubi wuƙar.

"Aikina ne," ya ce. "Ku sake shi."

Ba su soke shi ba, saboda furfura. Abin da suka yi ya fi. Suka ja shi rumfarsa, suka tumɓuke firam huɗu da ke rataye suka lanƙwasa. Babban kawuna ya danne hannun Kaka na dama a kan maƙera, ya ɗauki gudumar da Kaka ke fasa aikin banza da ita. Sau uku. Ina jin kowanne daga zaure. Kaka bai yi ihu ba, salati kawai yake. Bakina a ɗinke, na kasa cewa komai. Da aka warware zaren kuma, Kaka ya zauna gefen tabarmata da hannu a naɗe.

"Amaryata, in kin faɗa, za su dawo. Hannu ya riga ya tafi, kar a ƙara da rai."

Na yi shiru shekara goma sha biyar. Yatsunsa suka warke a karkace, bai sake riƙe magagari ba. Waɗanda ya ƙera wa kekuna suka riƙa tsokanar juna, "Chale, abokina, sauka kafin ya raba ka biyu." Ya rasu bara. Babban kawuna ya riga shi, sauran biyun ciwon ƙafa ya zaunar da su. Baba ƙarami yana nan, yana sayar da kekunan gwanjo a New Town, ya yi tumbi. Ranar sadakar bakwai shi ne ya fi kowa kuka, amma bakinsa bai buɗe ba.

Yanzu ba wanda ke ƙera firam a unguwar nan. Daga kwantena ake sauke su, fenti na sheƙi, ba ka san me ke ƙasa ba. Amma akwai wani tsoho mai burodi a Kotobabi da har yau yake hawan na Kaka, ya girme ni, keken. Jiya na roƙe shi, ya cire tayoyin muka rataye shi. Na buga da sifana. Ƙarar ta daɗe har na ji ta a tabona.

Ya yarda ya ara min. Zan kankare fentin tas, tagullar ta fito kowa ya gani. Ranar Sallah zan hau shi in gangara wannan tudun, ni da fuskata, ban damu da wa zai ce mace ce ba. Daga nan sai shagon Baba ƙarami. Zan jingina keken a ƙofarsa, in miƙa masa sifana a gaban mutane, in ce ya buga. Sannan ya faɗi wanda ya haɗa jan keken. In ya kasa, ni bakina ba a ɗinke yake ba.