Tukunyar Da Na Hana Surukina Aunawa

Da ana goge rana guda daga rayuwa, da na goge wannan. Amma har in koma ga Allah ba zan manta ta ba: ranar da girman kaina ya kusa sa 'yata takaba.

A bakin kogin Kwara aka haife ni, wajen Yawuri, na iya nutso tun ban iya karatu ba. Shi ya sa da na zo New York ƙarshen shekarun tamanin na samu aiki a wani shagon kayan nutso a Staten Island, ina ɗura iska a tukwanen da masu nutso ke goyawa. Mijin 'yata ma ɗan wajenmu ne, direban tasi. Ni na ja shi cikin harkar, duk Lahadin lokacin zafi muna teku.

Cikin shekarun casa'in aka shigo da wata iska, naitiroks, wadda ake ƙara wa oksijin. Tana barin mutum ya daɗe a ƙasa, amma kowane haɗi da iyakar zurfinsa. In ka wuce, sai ta koma guba, ta kayar da kai kamar mai farfaɗiya. Muka yi karatunta a aji, muka ci jarrabawa, aka ba mu kati. Malamar ta ce akwai nutso biyu na gwaji, ba dole ba ne, amma a can hannu yake sabawa: kowa ya auna tukunyarsa da kansa, ya rubuta iyakar zurfinta a jiki.

"Matar da ta koyi iyo a kwamin wanka ce za ta nuna mana ruwa?" na ce wa surukina.

Ya sunkuyar da kai. "Yadda ka ce, Baba."

Bayan sati uku, da safe, muna cikin jirgin ruwa za mu sauka kan wani tsohon jirgi da ya nutse. Sai na ga surukina ya zaro ma'aunin oksijin.

"Me za ka yi?"

"Zan ɗan auna ne, Baba."

"Ni na ɗura da hannuna. Yau kuma ni za a bincika?"

Kun san kunyar suruki. Ya mayar da ma'aunin jaka.

Muna dab da isa ƙasa na waiwaya, na ga kumatunsa na rawa ta cikin gilashin fuska, yana dafe kunne, idonsa bai tsaya wuri ɗaya ba. Abin da aka faɗa mana a aji ke nan. Na cafki ɗamararsa, ɗaya hannun na danne abin shaƙarsa kada ya faɗo daga baki, muka yi sama a hankali. Ban san iya salatin da na yi ba. Kafin mu kai rabi idonsa ya dawo.

Da muka fito, direban jirgin ya auna tukunyar. Haɗi ne mai ƙarfi da na yi wa wani mai ɗaukar hoto a ruwa marar zurfi. Ban rubuta komai a jikinta ba, na ɗauko ta cikin namu. Direban bai zage ni ba, juyo min da ma'aunin kawai ya yi.

Surukina na kwance cikin bargo, ya ce, "Baba, ai ruwan ma yau ba kyau, ba mu yi asarar komai ba." Har a lokacin rufa min asiri yake.

Shi bai gaya wa matarsa ba, ni na hau benen gidansu a unguwar Tompkinsville na faɗa mata. Ta dube ni ta ce, "Baba, wato kunyar taku har ƙasan teku take bin ku?"

Muka koma wajen malamar, muka yi nutson nan biyu. Ba ta barin kowa ya taɓa ruwa sai ya auna tasa, abokinsa ya sake aunawa. A gabanta na miƙa wa surukina tukunyata. Sai da ya sunkuyar da kai kafin ya karɓa ya auna. A karo na biyu kai tsaye ya karɓa.

Yau ya yi furfura, 'ya'yansa huɗu, ina musu Hausa suna amsa min da Turanci. Alhamdu lillahi. In an tambaye ni, cewa nake kada a ba kowa katin nan sai ya shiga ruwa da malami, don takarda ta sanar da mu komai, amma ba ta koya wa yaro auna tukunyar babba ba. Ku da za ku karanta, ina roƙonku, in na ƙasa da ku ya zaro ma'auni, ku miƙa masa taku ma.