Gyaɗa a Ƙarƙashin Ƙoƙo

Wata ranar Juma'a bayan an gama girbin dawa, a shekarar 1954, Baba ya kife ƙoƙo biyu a tsakar gidanmu, ya sa aka kira ni daga bayan rumbu inda nake yi wa 'yar tsanata kitso. Ina da shekara bakwai ko kusa da haka. Na tarar da Baffa Isa, ƙanen marigayi kakana na wajen uwa, zaune a kan buzu yana jan carbi, ga maƙwabta maza a gefensa, Inna kuma tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki da goyon ƙanena, ta kau da fuska. Baba ya ce a ƙarƙashin ƙoƙo ɗaya akwai ƙwayar dawa, a ƙarƙashin ɗayan akwai gyaɗa. In na ɗaga dawa, Tudun Wada za mu koma. In na ɗaga gyaɗa, sai birnin Kano. "Yaro ba shi da son zuciya," in ji shi. "Abin da hannunta ya ɗaga, zaɓin Allah ne." Kowa ya ce haka ne. Na tsuguna na yi bisimilla yadda aka ce in yi, na ɗaga na dama. Gyaɗa ce guda ɗaya, da ɓawonta.

Tashi kam ya riga ya zama dole. Ƙauyenmu yana gindin dutse a ƙasar Doguwa, dab da rafi, ƙasa mai albarka wadda ko tsinke ka soka sai ya yi ganye. Da damina mu yara muke wuni a kan rumfar gona muna kaɗa gwangwani muna korar birai, da rani mu shiga tsintar ƙanya da ɗinya, mu dawo baki baƙi ƙirin a sha mu da faɗa. Da yamma in na gama sharar turken awaki na ɗebo ruwa, sai carabke a gindin tsamiya har a kira sallah. Amma wurin yana cin idanun mutane. Mutum zai fara da ƙaiƙayi, ya yi ta susa har fata ta yi kaushi, daga nan gani ya dushe, sai ka ga ƙato mai ƙarfin noma yaro yana jan sa da sanda. Daga baya ne muka ji an ce wani ɗan ƙaramin ƙuda na bakin rafi ke kawo abin. A lokacin cewa ake yi wurin ne ba ya son mutane, kuma gida-gida aka yi ta watsewa.

Inna Tudun Wada take so, don can uwarta take. Iya, kakata, a ƙauyenmu ta makance, kuma da mijinta ya rasu sai Baffa Isa ya ɗauke ta ya ba ta ɗaki a gidansa. 'Ya'yanta duk sun mutu in ban da Inna. A wurinta aka yaye ni, na zauna har na yi wayo, ni ke riƙe mata sanda ranar kasuwa in ta kai zaren da ta kaɗa, don makanta ba ta hana ta kaɗi ba. "Ƙawata" take kira na, ta ce wai ni ce idonta amma ido mai kwaɗayi, ba ya ganin komai sai mai tallan alewa. Baffa Isa ya zo takanas ya ce akwai fili da gona a bayan gari, mu zo mu zauna kusa da tsohuwa. Ya kuma tuna wa Baba alkawarin da ya yi ranar da aka ba shi Inna, cewa ba zai nisanta ta da uwarta ba. Shi kuwa Baba zuciyarsa ta riga ta tafi Kano tun ranar da wani abokinsa mai dakon buhunan gyaɗa ya zo gida da keke. Baba mutum ne da ya fi son a ce ya yi daidai a kan ya yi daidai ɗin, shi ya sa ya kawo dabarar ƙoƙo.

Da aka shafa fatiha maza suka miƙe za su raka Baffa Isa, sai Baba ya sunkuya da sauri ya ɗaga ƙoƙon hagu, ya damƙe abin da ke ciki zai zura a aljihu. Ya suɓuce masa, ya gangaro har gaban ƙafata. Gyaɗa ce ita ma. Ya dube ni, na dube shi, ya ɗora ƙafa a kanta ya murƙushe, ya bi bayan baƙinsa yana gyara hula. Da la'asar na sami Inna a wajen dutsen niƙa na gaya mata abin da na gani. Ba ta bar ni na ƙarasa ba ta kwaɗa mini mari da hannun da ke da gari, har sai da na ga wuta. "Uban naki ne maƙaryaci? In na sake jin wannan magana a bakinki sai na yanke harshen." Ta koma kan niƙanta, ni kuma na koma bayan rumbu na yi kukana.

A hanyarmu ta tafiya mun biya ta Tudun Wada sallama, kayanmu a kan jakin aro. Matan gidan Baffa Isa sun riga sun ji labari, suna nuna ni da baki, ga mai hannun gyaɗa nan. Iya ta jawo ni ta shafa fuskata, ta kama hannuna na dama ta daɗe tana murza shi. "Kada ki damu, ƙawata," ta ce. "Hannu ba ya gani. Ni ma haka nake lalube." Inna ta roƙi a bar ni a wurin Iya in ci gaba da riƙe mata sanda, Baba ya ce a birni wa zai yi wa Inna aike tunda kulle za ta shiga. Da muka fito, Iya ta biyo mu da lalube har zaure, tana ta yi wa bango sallama, don ba ta san mun riga mun sha kwana ba.

Kano ta karɓe mu da ɗaki ɗaya na haya a Fagge, a gidan da ya cika da mutanen da ba su san asalin juna ba. Ruwa saye, itace saye, har ƙasar shafe ɗaki sai an saya. Inna da ta saba fita gona da rafi ta koma ba ta ganin komai sai katanga da igiyar shanya. Baba yana fita da asuba ya dawo wuya a sanƙare, ƙurar buhu har cikin gira, kuma keken nan bai taɓa samuwa ba. Inna ta kama soya ƙuli-ƙuli, ni ke talla a bakin tasha, ina kallon 'yan mata sa'o'ina suna wucewa makarantar allo. Tun daga lokacin ta daina karɓar abu daga hannuna. In na kawo ruwa sai ta ce in ajiye a ƙasa, in na kawo cinikin talla in zuba a faifai. Da yake ni ce 'yar fari, dama ba ta faɗin sunana, sai ta raɗa mini Gyaɗa, yaran gidan suka ɗauka, har ƙannena suka tashi da shi. Matan gidan kuwa yaba mata suke yi, suna cewa ba su taɓa ganin mai kunyar 'yar fari irin wannan baƙauyiyar ba. Ni kaɗai na san ba kunya ba ce, don na san yadda kunyarta take a da: tana kau da kai, amma takan ajiye mini ƙanzo a ƙarƙashin murfi.

A sanyin shekara ta biyu wani falke daga Tudun Wada ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce mutanen gidan Baffa Isa sun tafi biki sun bar Iya ita kaɗai da kaskon wuta, gefen zanenta ya kama, ba ta gani ba sai da ta ji. Ta yi jinya kaɗan ta cika, har an yi sadakar bakwai. Inna ba ta yi kuka nan take ba. Ta fito tsakar gida ta kamo ni ta wuyan hannu ta ɗaga shi sama a gaban matan haya, ta ce, "Ga hannun da ya ƙona uwata." Baba yana zaune a bakin ƙofa yana jin ta. Ya sunkuyar da kai ya ce kowa da kwanansa, ya tashi ya tafi masallaci. Na tsane shi a ranar, kuma ban ɓoye wa kaina ba. Amma abin da ya fi cin raina shi ne na fara yarda da maganarta, ina cewa da na ɗaga na hagu, alhali na san abin da ke ƙarƙashinsa.

Shekaru sun tura, Baba ya rasu, ciwon rafin nan ya biyo Inna har birni ya rufe mata ido. Matan ƙannena suka yi ta tura ta wa juna, daga ƙarshe ta faɗo gidana. Makaho ba ya cewa a ajiye masa a ƙasa, dole ta ci ta sha daga hannuna. Wata rana da hantsi ina tsefe mata kai, furfura duk ta cinye shi, na ga idan ban faɗa yanzu ba na rasa damar har abada. Na ce, "Inna, ranar nan gyaɗa ce a duka ƙoƙon biyu." Na jira mari, ko da yake ba ta da ƙarfinsa. Sai ta ce, "Na sani. Ni ubanki ya aika ɗaki in miƙo masa gyaɗa biyu. Bai ce in kawo dawa ba." Hannuna ya tsaya a kanta. Na tambaye ta me ya sa to ta yi mini abin da ta yi. Ta ce, "Shi mijina ne, ina na isa in huce fushina a kansa? Ke kuwa tawa ce." Ba ta ce in yafe mata ba, iyayen zamaninmu ba sa faɗin haka. Cewa ta yi in ƙarasa tsifar kafin rana ta iso inuwar.

Yanzu mutum yakan karya kumallo a Kano ya yi sallar azahar a Tudun Wada ya dawo ya kwana a gidansa. Matan 'ya'yana da bakinsu suke cewa ba za su zauna gari kaza ba, a zauna a yi shawara, wani lokaci ma su ne ke yin rinjaye, ni kuwa ina gefe ina jin daɗi ina jin haushi. Nakan je Tudun Wada wani lokaci in tsaya a bakin kasuwa, inda a da nake jan Iya ta rumfar masu zare, amma ba rumfar, ba gidan Baffa Isa, ba wanda ya san inda aka sa ta. Hanyar ta gajarta bayan babu sauran wanda za a je wa.