Maɗacin gonar Kaikai

Yayana bai iya zama ba. Ko tuwo yake ci, ƙafarsa ɗaya na kaɗawa, idonsa na kan ƙofa. Ya yi acaɓa a Legas, ya yi dako, daga ƙarshe ya faɗa cikin masu yankan katako a dazukan kudu. Sai da Baba ya rasu ya dawo Kaikai, da injin yankan katako naɗe cikin buhu. Ya yi wa Inna alkawari: in injin ya samu aiki a nan, ya zauna ke nan.

Ni ɗinki nake a Kankia, amma duk Juma'a ina gida, ina ganin yadda zaman ke cinsa. Ƙasarmu ba ta manyan itatuwa ba ce, kuma mai gawo ko ɗorawa a gona ba ya miƙa ta ga wanda bai taɓa ganin aikinsa ba. Iyaka a kira shi ya datse reshen darbejiya, a sallame shi da fura. Sai ya dawo ya wanke injin da ba ya da datti, ya wasa haƙoran sarƙar da ba ta dakushe ba, ya fita, ya dawo, ya sake fita. Haushinsa nake ji ƙwarai, don Inna ta daina barci mai daɗi saboda shi.

Ana haka iskar ruwan farko ta tumɓuke maɗacin gonarmu, itacen da ya girmi Baba. Ya kwanta ya raba gonar biyu. Kowa na jaje, Inna kuwa har da hamdala.

"Ga aiki nan Allah Ya kawo maka har gida," in ji ta. "Ka hidda katakon kowa shi gani."

Kowa kuwa ya zo gani, har daga Dudunni. Akwai wani dattijon Dudunni mai ɗorawa uku da suka bushe, yana neman mai yanka masa su, ya zo ya kafa sanda ya tsaya. Yaya ya sare rassa, ya datsa gungumen gida-gida. Ya tsoma zare cikin baƙin mai, ya ba ni baki ɗaya na riƙe, ya ja tsakiyar ya saki, sai ga layi miƙaƙƙe a jikin itacen. Ya tayar da inji ya bi layin a hankali, jan gari na zubo masa bisa ƙafa, ɗacinsa har cikin maƙogwaronmu. Ban taɓa ganin yayana a natse ba sai ran nan. Falle na farko ya faɗi sumul, ja kamar an shafa masa manja. Dattijon ya shafa shi da tafin hannu ya ce, "Ashe dai yaron ga ya iya."

A gindin itacen, inda ya fi kauri, abin ya faru. Muka ji ƙara mai tsinka kunne, wuta ta yi tartsatsi, sarƙar ta tsinke ta yi tsalle ta wuce gefen ƙafarsa. Ƙarfen da take bi ma ya lanƙwashe. Mutane suka watse da salati. Yaya ya ɗauki gatari ya yi ta sara wurin kamar mai faɗa da shi, har ya tono wani guntun ƙarfe mai tsatsa da itacen ya haɗiye tun tuni.

A dajin kudu ba mai bincikar itace kafin ya yanka, don babu wanda ya taɓa zama ƙarƙashinsa. Namu kuwa cikin mutane ya tsufa.

Da muka kai guntun gida Inna ta juya shi a hannu.

"Ruwan tsohuwar hauyar babanku ne," ta ce. "Shi ya kakkahwa irinsu jikin itacen, Hulani su samu abin takawa in za su hau su saro ma shanu ganye da rani, su bar muna taki. Ni nika miƙa mashi su. Wallahi na mance, ɗan nan, na mance."

"Guda nawa ne, Inna?"

"Mi zan ce maka? Da yawa."

Dattijon Dudunni bai aiko ba, kuma ban ga laifinsa ba. Bayan kwana kaɗan Yaya ya ce zai je Kano neman sarƙa da ƙarfen. Na raka shi tashar Kankia, na ga jakar da ya ɗauka ta fi ƙarfin tafiyar Kano. Na so in zage shi, na kasa. Da ya kira waya, daga kudu ya kira.

Shuka ta matso, gungumen na kwance tsakiyar gona, yankan ya tsaya a rabi. Masu gawayi suka zo suna so, ni ma na gaji da ganinsa. Na ce da Inna a bar su su kwashe mu samu wurin gero.

Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Ku shuka ku kewaye shi," ta ce. "Mai aikin bai gama ba."