Igiyoyin Inna Sa'a

Inna Sa'a ba ta taɓa haihuwa ba, amma a ƙauyen nan na kusa da Tabla babu yaron da bai sha jiƙonta ba. 'Yar bori ce tun tana budurwa, kamar kakarta, kuma ita ke kula da kurmin bayan gari inda iskoki ke zaune. Doka ɗaya ce a wurin: ƙarfe ba ya taɓa itace. Ko sassaƙen magani da dutse take ɓamɓarowa.

Wata shekara 'yan furoje, ma'aikatan wani shirin kare daji, suka zo daga Filinge, suka ce itatuwa na shanye gurɓatacciyar iska, duk garin da ya tsare dajinsa za a saka masa da kuɗi. Sai dai kowane itace sai an auna kaurinsa, an kafa masa lambar roba da ƙusa. Wanda ba shi da lamba ba ya cikin tsaro, masu kai itacen wuta Yamai kuwa sun daɗe da sa wa kurmin ido.

Ibrah, shugaban kwamitin daji, ladani ne kuma maƙwabcinta, shekara talatin suna tsokanar juna ta kan danga. Da ta ƙi yarda, ya ce ta bar rigima, ƙusa ce fa, ba gatari ba. Ina! Tsohuwa ta yi zaman dirshan a bakin kurmi, ta ce sai dai a kafa a goshinta. Kwana uku ana ja, sannan ta tuƙo igiyar kaba, aka ɗaura lambobin da ita. 'Yan furoje suka yarda, amma suka ja mata kunne: itace na ƙara kauri, in ba a sassauta ba igiya za ta shaƙe shi.

Kowace kaka sai ta bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, tana kwancewa tana sake ɗaurewa, tana yi musu tsiya wai sun cika ci. Haka har shekara bakwai.

Bana ƙafafu suka ƙi. Damina ta yi albarka, ta san igiyoyin sun fara cin ɓawo, kuma wallahi wannan ya fi ciwon damunta. Tsararrakinta sun ƙare, matasa na tsoron wurin. Ta aika aka kira Ibrah.

"Malam, na san ba ka shiga can," in ji ta. "Amma suna shaƙewa."

Ibrah ya zaro wuƙarsa daga ƙugu, ya ajiye a gefen tabarmarta.

"Koya mini ƙullin, Inna."